Adashin Ƙyalle

A goman ƙarshe na azumi, duk wanda ya bi ta Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya kutsa layukan da ke kewaye da kasuwar Tarauni, zai ji ƙarar kekunan ɗinki har lokacin sahur. Idon mai wucewa yakan tsaya ne a kan kayan da aka rataye suna jiran masu su. Da wuya ya kai ƙarƙashin teburin yanka, inda ƙyallaye ke taruwa: gefen shadda, saran wuyan atamfa, ragowar hannun riga. Bayan Sallah yaron shago zai share su ya ɗura a buhu. Masu cusa matashin kai za su ɗebi wasu, bakanike zai karɓi wasu don goge hannu, yara mata za su tsinci na yi wa 'yar tsana kaya. Sauran kuwa sai bola, ko wuta, ko kwata, inda za su jira ruwan Agusta su taya leda toshe magudana.

Kowane ɗaya daga cikin ƙyallayen nan da kuɗi aka saye shi, kuma a farashi ɗaya da wanda ya shiga jikin riga. Mai turmin atamfa ta biya kuɗin yadi shida cif a Kantin Kwari, ba a rage mata ko kwabo ba saboda abin da almakashi zai zubar. Akwai hanyar mayar da wannan asara ta zama abin rufa, kuma hanya ce da ta dace da matan Kano fiye da yadda ta dace da waɗanda suka shahara da ita.

Matan Amurka ne suka shahara da ita. Ƙawaye sukan haɗu su amince da girma ɗaya da launuka, kowacce ta koma gida ta ɗinka murabba'ai da yawa daga ƙyallaye, sannan a haɗu a yi musanye. Kowacce za ta tashi da murabba'an da hannuwa daban-daban suka ɗinka, ta harhaɗa su, ta sa shafi a baya da auduga a tsakiya, ta bi da ɗinki, ya zama bargo. Al'adar ta yi tashe a can tun shekarun 1840, lokacin da iyalai ke ƙaura zuwa yammacin ƙasar: ƙawayen wadda za ta tafi sukan rubuta sunayensu da tawada a jikin murabba'ansu, domin sun san mai yiwuwa ba za a sake ganawa ba. Yau akan zaɓi jigo, a ce bana na furanni za a yi, ko na bakin teku.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma ya fi sauƙi da ma'aunin da telolin Kano ke aiki da shi. Murabba'i mai inci 12 ƙafa ɗaya ke nan. Gado mai ƙafa shida tsawo da faɗi yana buƙatar murabba'i 36 kafin a rufe samansa. In mata 12 suka haɗu, kowacce ta ɗinka 36 iri ɗaya, ta riƙe uku ta raba wa sauran uku-uku, to kowacce za ta koma gida da 36 masu zane iri 12. Aikin da ta yi bai ƙaru ba, bai ragu ba. Bambancin shi ne ta koyi zane ɗaya tak, ta maimaita shi har hannunta ya faɗa, amma ta sami bargon da ba za ta iya yin irinsa ita kaɗai ba sai ta koyi zane goma sha biyu, ta kuma tara ƙyallayen gida goma sha biyu.

Duk macen da ta taɓa zubin adashi ta riga ta gane tsarin. Akwai uwar adashi, akwai ranar zubi, akwai kunyar da ke kan wadda ta makara, akwai kuma sanin cewa in mutum ɗaya ya saɓa kowa zai ji a jikinsa. Inda adashin ƙyalle ya ɗara na kuɗi shi ne babu ɗaukar farko babu ta ƙarshe. A adashin kuɗi, wadda ta kwashi farko bashi ta ci, wadda ta kwashi ƙarshe kuwa ajiya ta yi, kuma a shekarar da farashi ke gudu takan karɓi kuɗin da ba za su sayi abin da za su saya a watan farko ba. A nan kowa rana ɗaya take kwasa. Sannan naira ba ta da fuska, dubun wance da dubun wance ba a bambance su. Murabba'i kuwa yana nuna mai shi: wadda ɗinkinta ya miƙe, wadda take son ja, wadda ta yi gaggawa.

A nan ne ya kamata a kawo maganar anko, domin shi ne yanzu babbar hanyar da ƙawance ke bayyana a tufafi. Amarya ta fitar da atamfa, wani lokaci da leshi a kai, kowace ƙawa ta saya ta kai ɗinki, a yi hoto, a watse. Malamai sun yi wa'azi a kansa, magidanta sun yi ƙorafi, bai fasa ba, kuma ba zai fasa ba, domin yana biyan wata buƙata ta gaskiya: mutum yana son a gan shi cikin nasa. Aibinsa shi ne da kuɗi ake shiga, wadda ba ta da su kuma sai ta ƙirƙiro uzuri ta zauna a gida. Amma anko yana barin wani abu a baya da ba a lura da shi: atamfa iri ɗaya a gidaje ashirin, kowane gida da ragowarsa. Matar da ta yi shekara goma tana zuwa biki, in da ta adana ƙyallen kowane anko, da tana da tarihin ƙawayenta a leda guda: wannan na bikin wance ne da aka kai Hotoro, wannan na wadda ta bi miji Abuja, wannan na wadda Allah ya yi wa rasuwa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to amma aure kan watsa ƙawaye inda ƙafa ba ta kaiwa kullum. Murabba'i yana shiga ambulan, yana bin direban mota daga tashar Unguwa Uku.

Babbar gardamar da za a yi ita ce ta kunya, kuma gardama ce mai nauyi. A idon mutane da yawa haɗe-haɗen ƙyalle maho ne, maho kuwa tambarin talauci ne. Uwar da ta sayar da ɗan filinta don ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ba za ta yarda 'yan ganin ɗaki su tarar da tsumma a kan gado ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge ta. Sai dai wannan ƙyamar ba ta da tsohon tarihi kamar yadda ake zato. Tufafin alfarma na ƙasar Hausa da ɗinke ƙananan abubuwa aka yi su. Masaƙar gargajiya ba ta fitar da faffaɗan yadi, siraran ƙwarya take fitarwa, sai an jera su an ɗinke kafin a sami riga, ko gwado, ko luru. Turkuɗin Kura da ya kai har cikin Sahara haka aka yi shi. Mafi kusa da bargon da ake magana a kai shi ne lifidi, wato rigar dokin yaƙi da mahayinsa: yadi biyu da auduga a tsakiya, an bi da ɗinki, sau da yawa kuma samansa ƙyallaye ne masu launi daban-daban da aka yanka aka jera. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi ga Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Har gobe 'yan lifidi na fitowa a hawan Sallah, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira kayansu tsumma ba.

A wasu wurare ma ƙyallen ya sami daraja ta wata fuskar. A Sanagal, 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibra Fall, da tufafin haɗe-haɗe ake gane su. A Gee's Bend, wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama, mata sun yi zamani suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki saboda sanyi da rashi. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a kan sarki. Ba lallai ba ne Kano ta jira wani gidan tarihi ya gaya mata darajar abin da ke ƙarƙashin teburin telanta, amma misalin ya nuna cewa hukuncin da ido ke yanke wa ƙyalle yana iya sauyawa cikin rayuwar mutum ɗaya.

To, jigon bakin teku fa? Mai karatu zai iya yin murmushi, domin tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma yawancin yaran Tarauni babban ruwan da suka sani shi ne na Tiga. In ana nufin a kwaikwayi hoton Baturiya a ƙarƙashin laima, lallai abin bai yi ba. Amma in aka tuɓe wa jigon hotuna aka bar launuka, abin da ya rage shuɗi ne da fari da launin rairayi, kuma babu birnin da ya fi Kano haƙƙi a kan shuɗi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana iya fitar da shi hawa-hawa, daga mai hasken sararin sama zuwa mai duhun da ya kusa baƙi, gwargwadon yawan tsomawa a ruwan baba. Murabba'ai da aka jera daga mai haske zuwa mai duhu sun isa su nuna ruwa mai zurfi ba tare da an zana kifi ko mutum ba, abin da zai kwantar da hankalin gidajen da ba sa son hoton mai rai a ɗaki. Kuma teku ba baƙuwa ba ce a kasuwar Kurmi. Wurin da aka yi ciniki da shi kafin zuwan sulallan Turawa daga tekun Indiya ya fito, akasari tsibiran Maldibs, kalmar kuɗi kanta kuwa jam'in wuri ce. Wadda ta ɗinka siffar wuri a murabba'inta, tarihin garinsu ta ɗinka.

Inda irin wannan shiri ke lalacewa shi ne wajen awo. Murabba'in da zai ƙare a inci 12 dole a yanka shi inci 12 da rabi, saboda ɗinki zai ci kwata a kowane gefe. In mace ɗaya ta saba cin rabin inci, nata za su fito ƙanana, layi ya karkace, kuma ba a bargonta kaɗai ba, a barguna goma sha biyu. Maganinsa kwali ne: uwar adashi ta yanka ma'auni iri ɗaya ta raba wa kowa, ranar zubi kuma a ɗora kowane murabba'i a kai kafin a karɓa. Wannan ne aiki mafi wuya a shirin, domin mayar wa ƙawa ɗinkinta ya fi tambayarta kuɗi ciwo, shi ya sa uwar adashin ƙyalle take buƙatar baki mai laushi da ido mai tsanani. Dole kuma a wanke kowane ƙyalle kafin a yanka, saboda shuni yana zuba, auduga kuma tana tsukewa a wankin farko. Leshi da yadin roba gara a bar su a gefe, ba sa zama lafiya da atamfa. Game da cikon tsakiya, sanyin Kano na Disamba da Janairu ne kawai, don haka shafi mara nauyi ya wadatar, in ba haka ba bargon zai yi wata goma a akwati.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa a fili ba. Wasu matan ba sa son ƙyallen kayan da suka sa a jiki ya fita hannunsu, don tsoron a yi musu sammu da shi. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tsoron yana nan, kuma ba a gina adashi a kan zargi. Ragowar sabon yadi da ba a taɓa sawa ba ya kawar da matsalar, shi ne kuma abin da ya fi yawa a shagon tela. Abin da ake buƙata kawai shi ne mai kaya ta saba cewa a haɗo mata da ƙyallenta, wanda dama haƙƙinta ne.

Gaskiya ne bargon Sin da ake sayarwa a kasuwa ya fi arha in aka lissafa lokacin da ɗinki zai ci. Tun da yawancin masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe, ƙyallen ma kansa galibi na yadin Sin ne, don haka babu mai cewa wannan shiri zai farfaɗo da masana'anta ko ya share bolar Tarauni. Wadda take neman abin rufa kawai, ta je Kwari. Shirin na wadda take da keke a ɗaki ne, da ƙawaye da aure ya rarraba, da awa ɗaya bayan la'asar.

Hikima ita ce kada a fara da gadon amarya, inda idon dangin miji ya fi kaifi. A fara da shimfiɗar jariri: murabba'i 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, ɗaya daga kowace ƙawa, a kai ranar suna tare da sabulu da turmin zane. Babu mai kushe kyautar suna, kuma in ta yi kyau matan da suka zo barka ne za su tambayi wadda ta ɗinka. Masu son babban bargo kuwa, a 'yan shekarun nan da ƙaramar Sallah ke faɗowa a bazara, kalanda ta yi musu daidai: in aka kwashi ƙyallaye a makon Sallah, aka riƙa ɗinka murabba'i ɗaya kowane mako, na 36 zai sauka daga keke daidai lokacin da hazon hunturu ya fara rufe titin Zariya.