Allon Hanya da Harshen Unguwa

Tun da Birnin Kebbi ta zama fadar gwamnatin jiha a 1991, tituna ke ta faɗaɗa, allunan hanya na biye da su. Idan mazauna unguwa suka ƙi allon da ya hana tsayawa, nan take akan jefe su da jahilci. Hukuncin ya yi gaggawa. Sau da yawa allon da Turanci yake zuwa, a garin Sarkin Gwandu, inda ajami ya riga boko shiga hannun jama'a. Kuma kwatsam ake kafa shi, ba a tuntuɓi mai unguwa ba, balle ɗan kabu-kabu ko mai shagon da cinikinsa ya rataya ga tsayawar mota.

Ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ya isa shaida cewa talaka na lura da harshen da hukuma ke yi masa magana da shi.

Allo na ceton rai, amma sai an fahimce shi. Nauyi ne a kan masana Hausa su daidaita kalmomin hanya, da boko da ajami, su miƙa wa Hukumar Kiyaye Haɗurra.