Tuwon Girma Miyarsa Nama: Wa Zai Rage, Wa Zai Ƙara?

Bahaushe ya ce tuwon girma miyarsa nama. Wanda ya ƙirƙiri wannan karin magana ya rayu ne a zamanin da nama baƙo ne a tukunya: sai ranar sallah, ranar suna, ko ranar da babban baƙo ya sauka aka kama masa zakara. Sauran ranakun shekara kuwa, tuwon dawa ne da miyar kuka, da ɗan man shanu idan Allah ya hore. Ƙarancin naman ne ya sa ya zama ma'aunin girma.

Yau ma'aikacin da albashinsa ya ɗan taka kara ya karya ya mai da abin sallah abin kullum. Farfesu da safe, soyayyen nama a kan shinkafa da rana, da dare kuma a tsaya wurin mai tsire kafin a shiga gida. Idan aka ce masa ya rage, sai ya ji kamar an ce ya koma talaucin da ya sha wuya kafin ya fito daga cikinsa. Ra'ayina shi ne lallai ya rage, kuma ba ya buƙatar koyon yadda ake yi daga kowa, domin tukunyar kakarsa ta riga ta koya masa. Amma wannan nasiha tasa ce shi kaɗai. Kai ta gidan talaka zalunci ne.

Mu fara da inda maganar ta samo asali. Kiran a rage nama ya yi ƙarfi ne a ƙasashen da cinsa ya wuce kima. A Amurka, abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara ya haura kilo 100. A Nijeriya bai kai kilo 10 ba, wato ƙasa da giram 30 a rana. A shekarar 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai don ya daɗe, irin su tsiran-alade da naman gwangwani, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin hanji. Ta ƙiyasta cewa cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa, na shanu da tumaki da awaki, ta ce akwai kyakkyawan zaton yana da hannu. A 2019, kwamitin masana na EAT-Lancet ya ba da shawarar kimanin giram 14 na jan nama a rana, wato abin da bai wuce giram 100 a mako ba. Asusun binciken ciwon daji na duniya ya fi sassauci: ya ce kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako.

To, mai karatu ya auna kansa. Wanda ke cin balangu na kirki sau uku a mako, ga naman miya kullum, ya tsallake ko da wannan ma'auni mai sassauci. Ƙari a kan haka, gashi a kan harshen wuta har nama ya ƙone yana haifar da wasu sinadarai da masana ke zargi da cutar da hanji. Kitse da gishirin da ke rakiyar irin wannan ci su ne abokan tafiyar hawan jini da ciwon zuciya, cututtukan da a yanzu ba baƙi ba ne a gidajen ma'aikata. Matsakaicin lissafin ƙasa yana ɓoye wannan: kilo ƙasa da 10 ɗin nan, wani ya cinye rabon mutum biyar, wasu huɗu kuma sai ƙamshi.

A nan ne tukunyar kaka ke shigowa. Hatsi irin gero da dawa yana da sinadarin gina jiki, amma akwai wani ɓangare nasa da ya yi masa ƙaranci, kuma wannan ɓangaren wake yana da shi a wadace. Wake ma yana da nasa giɓin, wanda hatsi ke cikewa. Saboda haka shinkafa da wake, ƙosai da koko, da gero da wake, haɗi ne da masanin abinci zai sa wa hannu ba tare da gyara ba. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wannan wake a duniya, Nijar na biye da ita. Ƙara da daddawar kalwa, ƙuli-ƙuli, riɗi, gurjiya, agushi da awara. Ƙara da ganye: kuka, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, lalo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, in da a Landan ake sayar da shi, da an raɗa masa suna mai tsada an zuba shi a kwanon tangaran. Mu kuwa mun bar shi ga 'yan talla, muna jin kunyar a gan mu da shi a ofis. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai dai a kula, janye nama kawai ba ya mai da abinci lafiyayye. Farar shinkafa da taliyar leda da burodi da lemon kwalba duk daga tsiro suka fito, kuma wanda ya rayu a kansu ya kama hanyar ciwon suga ko da bai taɓa ɗanɗana tsoka ba. Abin da ake nema shi ne hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake, da ganye mai yawa, da mai daidai gwargwado. Haka kuma dunƙulen ɗanɗano da ya kori daddawa daga miya gishiri ne mafi yawansa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana.

Akwai kuma iyakar da tsiro ba ya tsallakewa. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ana samunsa ne daga nama, kifi, ƙwai da nono. Wanda ya yanke waɗannan duka, dole ya nemi ƙwayarsa a kantin magani. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ma jiki ba ya tsotse shi da sauƙi kamar na nama. Matsa lemon tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da abincin yana taimakawa, shan shayi a kansa nan take kuma yana ragewa. Shi ya sa nake cewa a rage, ban ce a daina ba. Fura da nono, kifi sau ɗaya ko biyu a mako, ƙwai, da nama a matsayin ɗanɗanon miya, sun ishi babban mutum mai lafiya.

Yanzu mu waiwayi ɗaya gidan. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57. Yaron da aka yaye a kan kunu tsagwaro, da mai juna biyu da jininta ya yi ƙasa, ƙwai ɗaya ko yankan hanta a wurinsu magani ne. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai ɗauki tulin waken da zai biya masa buƙata ba. A gidaje da yawa kuma tsoka mafi girma kwanon maigida take tafiya, yara su samu romo. Idan akwai gyaran da ya fi gaggawa, wannan ne: naman ya sauka daga kwanon mai tumbi zuwa kwanon mai tasowa.

Batun ɗumamar yanayi ma yana son a bambance. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita, kuma saniyar Bafillace ma tana fitar da nata idan tana tuƙa. Amma sare dajin Amazon a Brazil don buɗe wa shanu makiyaya daban yake da garken da ke cin harawa da karmami bayan girbi, ya bar wa manomi taki, ya ba kasuwa nono. Wanda ya haɗa su a hukunci ɗaya bai yi adalci ba.

Ta fuskar addini babu mai haramta abin da Allah ya halatta, kuma layya ibada ce. Duk da haka, Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane game da sabo da nama, don yana kama mutum ya kasa bari. Hikimar raba naman layya ga maƙwabta da mabuƙata ma tana nuni ga wannan ma'auni.

Abin yi ba shi da wuya. A ware kwana uku ko huɗu a mako da wake da ganye za su zama tsakiyar abinci. A mai da tsire abin marmari. A dawo da daddawa, a ba zogale da rama matsayinsu a teburin baƙi. Kuɗin da aka rage daga wurin mahauci, a sayi ƙwai da nono da su don yara, na gida da na maƙwabta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.