Daga Cikin Tattabara Zuwa Maganin Sankara

Masu karatu, a wannan mako filinmu zai waiwayi wani bincike wanda ya ci wa masana fiye da shekara 60 kafin ya haifi magani.

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam a lulluɓe take da wata siririyar fata ta maiƙo. Da can an ɗauka wannan maiƙo katanga ce kurum. A cikin 1953, a birnin Montreal na Kanada, Lowell Hokin da maiɗakinsa Mabel suka lura cewa in aka zaburar da gaɓar tattabara mai fitar da ruwan narkar da abinci, sai maiƙon ƙwayoyinta ya shiga ɗaukar sinadarin fosfet da gaggawa. Ashe katangar tana kai saƙo cikin gida.

Aka daɗe ana lalube. Sai a 1988 Lewis Cantley na Jami'ar Tufts a Amurka da ɗalibinsa Malcolm Whitman suka tabbatar da wani sinadari, wanda ake kira PI3K, mai liƙa fosfet a wani gurbi na maiƙon inda ba a taɓa zato ba. Da zarar ya liƙa, ƙwayar ta sami umurnin ta sha sukari, ta girma, ta hayayyafa. A 1998 aka gane cewa wani sinadarin, PTEN, shi ne birki, domin shi ke ɓamɓare fosfet ɗin. In birki ya tsinke, ko PI3K ya ƙi tsayawa, ƙofar sankara ta buɗe. Masanan Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2004 cewa irin wannan tawaya ta yawaita a sankarar hanji da ta mama.

Daga nan magunguna suka biyo. Amurka ta amince da idelalisib a 2014 don wata sankarar jini, sannan alpelisib a 2019 don sankarar mama. To, amma zuma da zaƙi da harbi. Insulin ma ta wannan hanya yake bi, saboda haka toshe ta yakan sa sukarin majiyyaci ya hau, har likita ya rage magani ko ya dakatar.

Da a ce a 1953 masu riƙe da kuɗin bincike sun nemi riba nan take daga cikin tattabara, da watakila ba a zo nan ba. Hukumomin da ke yi wa jami'o'i ƙwauro sai su yi tunani. Mahaƙurci mawadaci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.