Tafiyar Turakin Sakkwato Da Abin Lura Da Ke Cikinta

Malamai da fatake na ƙasar Illela sun san Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, da shugabancin Nijeriya. Amma hanyar da ya bi kafin ya kai can ta fi shugabancin cancantar a yi nazarinta, domin ita ce ke nuna yadda ya kamata a auna mai neman mulki.

An haife shi a garin Shagari cikin 1925, mahaifinsa shi ne Magajin garin. Ya fara da makarantar allo, sa'an nan elemantare ta Yabo, da Midil ta Sakkwato, da Kwalejin Kaduna. Ya yi aikin malanta a Sakkwato da Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu da Hausa. A 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko. Ya yi wa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa sakataren majalisa, daga baya ya zama minista, ya riƙe harkokin cikin gida daga 1962, da ayyuka daga 1965. A 1962 ɗin nan ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

To, da soja suka kifar da gwamnati a Janairun 1966, sai ga minista ya komo gida. Bai ɗauki saukowa abin kunya ba. Ya karɓi aikin sakataren asusun raya ilmi na Lardin Sakkwato, inda ake tara kuɗin jama'a ana gina makarantu. Daga nan ya yi kwamishina a Jihar Arewa Maso Yamma, kafin Janar Gowon ya kira shi Ikko a 1970. A 1971 ya gaji Cif Awolowo a kan baitulmalin tarayya, ya riƙe har 1975. Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi shugaban ƙasa, wajen shekara 25 bayan zaɓensa na farko.

Abin lura na farko ke nan: babu matakin da ya tsallake. Kafin a danƙa masa dukiyar ƙasa, mutanen lardinsa sun riga sun ga yadda ya riƙe aji da asusun makarantu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutumin da bai taɓa raba gardamar rumfa a kasuwa ba, ina ya san nauyin hukunci?

Amma faɗin gaskiya ya wajaba ko a kan wanda ake ƙauna. Sanin talaka a ƙuruciya ba ya isa in nisa ya shiga tsakani. A Afrilun 1980, cikin mulkinsa, manoman Bakolori kusa da Talata Mafara suka tashi neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da yawa suka salwanta. A lokacin kuwa Bakolori tana cikin Jihar Sakkwato, jiharsa. A Janairun 1983 gwamnatinsa ta kori baƙi marasa takarda, har da mutanen Nijar, alhali kowa ya san Illela da Birnin Ƙonni dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Mutane da yawa sun shaide shi da kame hannu, amma ɓarnar na kusa da shi ta cika ƙasa, har soja suka sami hujja ranar 31 ga Disamba 1983. Tsarkin hannun shugaba ba ya ƙosar da talaka in bai tsawata wa mabiyansa ba.

Mutanen Garu da kewaye sun fi kowa sanin yadda hukuncin nesa ke sauka a kan bakin iyaka. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Mai shanu da mai albasa da mai wake su suka ɗauki asarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka dole wanda za a tura Abuja ya zama ya taɓa kwana cikin ɗakin, kuma yana komowa ya duba rufin.

Kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Kujerar kansila da ta ciyaman ba abin rainawa ba ne ke nan, ba kuma abin sayarwa da turmin atamfa ko mudun shinkafa ba. A nan ne ake gwada waɗanda za su hau gobe. Malamai su tambayi mai neman ƙuri'a abin da ya riƙe a baya da yadda ya fita daga cikinsa. Fatake su tambaye shi yaushe rabonsa da kasuwa in ba lokacin zaɓe ba. In ya hau, kada a bar shi da 'yan kore, a riƙa aika masa da gaskiya ko da ba ya so.

Turaki ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka kai shi Shagari aka rufe. Allah ya gafarta masa, ya ba ƙasar nan shugabanni masu jin kukan na ƙasa. Wasalam.