Nasiha ga Mai Niyyar Ƙaura zuwa Agadas

Ya ku malamai da fatake na cikin birni. Duk mai nufin sayar da gidansa na gado ya koma Agadas domin cinikin baƙi masu yawon buɗe ido, to ya dakata ya ji.

Ba mu musun kyan garin. Hasumiyar masallacinsa ginin ƙasa ce, tsawonta mita 27, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Zumuncinmu da su kuwa daɗaɗɗe ne, ga unguwar Agadasawa nan cikin ganuwa tana shaida.

Amma fa baƙo raɓa ne. Da tawaye ya tashi a ƙasar Azbin a 2007, sai Turawa suka ɗauke ƙafa, masaukai suka zama wayam, maƙeran azurfa suka rasa masu saye. A 2023 kuma aka rufe iyakarmu da Nijar fiye da wata bakwai.

Cinikin da ya jure zamani shi ne na 'yan ƙasa: gishirin Bilma ya gangaro, turkudin Kura da hatsi su haura. Shawararmu, a fara zuwa ci-rani, a sauka wurin fatoma, a ga kasuwa da ido. Gida kuwa a bar shi da iyali a ciki. Haza wassalam.