Kwance inji ba wuya, mayar da shi ne aiki

Duk mai bin babbar hanya ta ɗaya tsakanin Doso da Birnin Ƙwanni ya saba ganin kamiyo tsaye a gefen kwalta, an jera masa rassan itace a baya don gargaɗi, yaron mota kuma yana kwance ƙarƙashinsa bisa tabarma. A wajen Kiyeshe, kudu da Dogon Dutsi, irin wannan tsayuwa tana da tsada: babban gari da nisa, kayan gyara sai an aika, albasar Galmi ko waken Arewa da aka ɗora kuwa ba su san jira ba. Abin da ya kamata mai dukiya ya lura da shi shi ne, sau da yawa motar da ta tsaya haka ba ta daɗe da fitowa daga garaj ba. An buɗe kan injin, an sake juwan kulas, an rufe, an biya. Ɓarnar a wajen rufewar ta shiga.

Bari mu duba abin da ke ƙarƙashin murfin. Yawancin manyan motocinmu masu shan gazuwal silinda shida gare su a jere, kowace silinda kuma tana da aƙalla ƙofofi biyu, ɗaya ta shigar iska, ɗaya ta fitar hayaƙi. Makanikin da ya koyi aiki a Yamai supap yake ce musu, wanda ya koya a Sakkwato bawul yake cewa. A Arewa duka biyu ana ji. Akwai wata sanda mai ƙusumbi, arbre à cames a Faransanci, wadda ke tura tij, tij ya ɗaga gindin kilbitar, kilbitar ya danna supap kamar hannun sikeli, waya mai naɗi ta mayar da shi mazauninsa. Sandar nan juyi ɗaya take yi idan injin ya yi biyu. Ke nan motar da ke hawa tudu da juyi 2000 a minti, kowane supap nata yana buɗewa ya rufe sau 1000 a cikin mintin nan.

Injin gazuwal ba ya da buji. Iska yake matsewa, ninki 16 zuwa 18, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Saboda haka fili a saman fistan ƙanƙane ne ainun, abin da bai wuce milimita ɗaya da ƴan kai ba. Idan aka mayar da haƙoran sandar ba bisa alamarsu ba, fistan na iya tarar da supap bai gama komawa ba, ya buge shi. Tij ya lanƙwashe, kilbitar ya karye, wani lokaci kan supap ya tsinke ya faɗa cikin silinda. Daga nan an bar maganar gyara, an shiga maganar sayen wani inji.

Amma kuskuren da ya fi yawa bai kai wannan hayaniya ba, shi ya sa ya fi cin mutane. Tsakanin kilbitar da kan supap dole a bar ɗan sarari, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Sararin nan ba da ido ake ƙiyasta shi ba, da ƴan siraran ƙarafan awo ne da ake kira kal, kuma injin yana sanyi. Kowane inji da nasa adadi. Tsohon injin Mercedes OM 352, wanda ya yi shekaru yana jan kaya a hanyoyinmu, milimita 0,20 yake so wajen iska, 0,30 wajen hayaƙi. OM 366 da ya gaje shi, wanda a ido kamar wa da ƙane suke, 0,40 da 0,60 yake so. Makanikin da ya haddace adadi ɗaya tun yana yaron garaj, yake sa wa kowace mota, ya matse supap ɗin wannan ninki biyu bai sani ba.

Nan ne mai mota kan sa hannu cikin asarar kansa. Ya zo karɓar mota, ya ji ƴar ƙara tak-tak-tak a kan injin, sai ya ce: "Maigida, wannan ƙarar fa? A kashe min ita." Makaniki ya ƙara ɗaure noti, inji ya yi tsit, kowa ya yi murna. Alhali supap ɗin hayaƙi ta wurin zama daram a mazauninsa yake sauke zafinsa. In sarari ya ƙare, da zarar inji ya ɗauki zafi supap ba ya rufewa sarai, wuta tana lasar bakinsa har ta cinye shi. Alamun sukan zo sannu a hankali: tashi da wuya da safe, farin hayaƙi, rashin ƙarfi a hawa. Ƴar ƙara madaidaiciya lafiya ce. Idan kuwa ta yi yawa kamar ana sassaƙa turmi, sarari ya wuce kima, iska ba ta isa, hayaƙi ya yi baƙi, gazuwal yana tafiya a banza.

Shi kansa awon yana da tarko. Alamar da ke jikin bolan tana dawowa a kowane juyi, tana nuna fistan na 1 da na 6 sun hau sama tare, amma ɗaya ne kawai a cikinsu supap ɗinsa biyu ke rufe. Ƙwararru suna kallon silinda ta 6: idan supap ɗin hayaƙinta yana rufewa na iska yana buɗewa a lokaci guda, to, ta 1 ake aunawa. Sai a bi yadda wuta ke tashi, 1-5-3-6-2-4, ana juya injin sulusin juyi kowane karo, ana duban abokiyar kowace: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Wanda ya ɓata da juyi ɗaya, duk awon da ya yi ya tashi a banza.

Sauran abubuwan na kula ne kurum. Tij goma sha biyu, kowane ya ci ya daidaita da gurbinsa. Kwali ɗaya da aka huda aka rubuta 1 zuwa 12 ya isa ya hana su cakuɗewa, ya kuma raba su da rairayin Dallol Mauri da ƙurar hunturu. Tij da bai zauna cikin gurbinsa na ƙasa ba, ɗaurin farko zai tanƙwara shi. Sandar da kilbitar ke jere a kanta tana da ramin mai; a juya ta, ko ƙazanta ta toshe ramin, sai su yi ta aiki a bushe. Kulas da aka kai aka goge fuskarta ta ƙara kusantar fistan, don haka sai an auna zurfin supap kafin a ɗora. Notocinta kuma daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, da sufana mai awo, ba da bututun da ƙato biyu za su rataya a kai ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan makanikai. Da injinan gauraye suke fama. Tun 1978 Berliet ta narke cikin Renault, amma motocinta sun daɗe suna aiki bayan haka. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin kayan da ake sayowa daga Faransa, ƴan kasuwa suka koma ga na hannu, daga Ƙofar Ruwa ta Kano da makamantanta. Rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 ya ƙara wa kayan teku nisa. Ga kuma Howo ta ƙasar Sin ta shigo da nata ƙa'idodin. Tij biyu na iya yin kama, alhali ɗaya ya ɗara ɗaya da milimita biyu. Adadin da ake bukata yana cikin littafin mai ƙira, da Faransanci ko Ingilishi, mutumin da sufana ke hannunsa kuwa sau da yawa bai yi lakwal ba. A ganina, ma'aikatan da ke kula da cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni suna iya fitar da takarda guda da Hausa, mai ɗauke da awon injinan da suka fi yawa a hanyar nan, a manna ta a kowane garaj daga Tibiri zuwa Dogon Dutsi. Kuɗinta ba zai kai na tij ɗaya ba.

Kai kuma Alhaji mai mota, ranar rufe inji ka tsaya da kanka, ko ka tsayar da direba. Ka nemi a nuna maka kal, a faɗa maka adadin. Kafin a taɓa makunni, a juya injin da hannu juyi biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kada a tilasta shi, a sake buɗewa. In ya tashi, a bar murfin sama a buɗe har ka ga mai ya fito a kan kowane kilbitar. Sannan ku yi yarjejeniya tun a wajen ciniki cewa bayan tafiyar farko motar za ta dawo ta kwana a garaj, da safe a sake auna ta tana sanyi, kuma a ranar ne za ka cika sauran kuɗin aiki.