Wai Mu Ba Mu da Labarin Sararin Samaniya?

Akwai wata magana da wasu 'yan fim da ma wasu marubutanmu suke yawan yi, wadda ta ishe ni. Wai labarin kimiyya, irin na jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, ba namu ba ne, na Turawa ne, kuma Bahaushe ba zai kalla ba. Jama'a, wannan magana ba ta da tushe.

Ka zaga majalisun samari daga Mandawari zuwa Jakara. Za ka tarar da yaron da zai jero maka finafinan Marvel tun daga Iron Man na 2008 har zuwa Endgame na 2019, fim 22 cur, ya gaya maka wane ne ɗan wane, kamar mai karanto salsalar sarakunan Kano. To ashe masu kallo suna nan.

Abin da ya riƙe yaron nan ba walƙiya da fashe-fashe ba ne kawai. Kowane fim ƙofa ce ta shiga wata duniya mai tarihinta da dokokinta, kuma marubuta ne suka fara gina ta a takarda. Ɗauki Dune. Frank Herbert ya fitar da littafin a 1965, ya rubuta shida kafin ya mutu. A kan wannan harsashi Denis Villeneuve ya ɗora finafinansa na 2021 da 2024. Da kasuwa ta buɗe, sai aka koma baya da shekara dubu goma a cikin labarin, aka yi shirin Dune: Prophecy a 2024.

Abin takaici, da kayan gidanmu aka gina duniyar. Hamada ce da mutanen da ruwa ya fi musu zinariya, suna jiran Mahadi. Kalmar jihadi ta cika littafin, amma da aka zo fim sai aka cire ta. Sun ɗauki abin da ya yi musu, sun zubar da sauran, mu kuma muna ta tafi.

To mu fa? A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙon halitta da ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi, shekara 8 kafin Star Wars ya fito a 1977. Cikin samarin da suka haddace Marvel, mutum nawa ne suka taɓa riƙe shi? Cikin furodusoshinmu fa?

Kada a ce mini ba mu saba mayar da littafi fim ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun zama fim. Hanyar a buɗe take, soyayya kawai muka bari take bi.

Za a ce kuɗi. Na yarda babu mai jarin Hollywood a Kano. Amma fim ɗin Primer na 2004, labarin na'urar komawa baya a cikin lokaci, da kimanin dala 7,000 aka yi shi, ya kuma ci kyauta a bikin Sundance. Tunani ne jarinsa. Zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suke yanke abin da za a ɗauka ya wuce, yau YouTube da Arewa24 suna neman shiri mai dogon zango. Me ya hana a fara da Kilba, sannan a faɗaɗa duniyarsa? Ga Dala, ga Barbushe da Tsumburbura, ga ganuwa mai ƙofofi. Marubucin da ya zauna ya hango birnin nan bayan shekara 300, ruwa ya yi ƙaranci, Kurmi tana ciniki da wasu duniyoyi, ya samu abin da zai ci shekara goma yana yi.

Sai dai a yi hattara. Disney ta sayi Lucasfilm a 2012 a kan sama da dala biliyan 4, a 2014 ta ce tarin littattafan Star Wars da aka shafe shekaru ana rubutawa ba sa cikin ainihin labarin. Mai haƙƙin mallaka shi ne mai tarihin. Don haka duk mai son taɓa aikin Dembo ya nemi izini a rubuce, ya biya masu haƙƙi, kada a yi irin ɗauki-ɗora da muka saba yi wa finafinan Indiya.

Marubuta, ƙalubalen naku ne kafin na 'yan fim, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku je ku nemo littafin ku karanta, sannan ku rubuta na gaba. Allah ya sa mu gane.